Birnin da na bar Malam a cikinsa

Ni 'yar Katsina ce, cikin birni, unguwar da in ka fito ƙofar gida ka ɗaga kai za ka hango hasumiyar Gobarau. Gidan kakana na ƙasa ne, soro da azara, sai ka ratsa zaure biyu kafin ka kai tsakar gida. Duk shekara kafin faɗuwar damina ana kiran magina su yi yaɓe, mu yara muna shiga cikin kwaɓin ana korarmu. Ban tashi da sanin cewa gini abin tsayawa a kalla ba ne. Gida wurin kwana ne, masallaci wurin salla, shi ke nan.

Ina gama sakandare aka ɗaura mini aure da wani ɗalibin ilimi da ke karatu a Masar. A 2014 na bi shi Alƙahira. Muka kama haya a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr, inda ɗaliban Afirka da na Asiya suka fi yawa. Hawa na biyar muke, babu lif. Duk benayen unguwar kala ɗaya ne, kalar ƙura, in ba ka riƙe lambar gidanku ba sai ka shiga na maƙwabta. Duniyata ba ta wuce kasuwar kayan miya, asibitin da na haihu, da gidajen matan 'yan Najeriya da Nijar da muke taruwa suna ko walima ba. Malam kuwa da safe yana jami'a, da yamma yana yi wa mutanenmu da ke zuwa neman magani tafinta a asibitoci, da abin da yake samu a nan muke ci. In na yi ƙorafin cewa garin nan ba shi da kyau, sai ya yi dariya ya ce, "Ai ba ki ga Masar ba tukuna. Bari in kare risalata, zan zaga da ke da ƙafa."

Bai kare risalar ba, wato kundin binciken kammala karatunsa. A farkon 2023 ya fara rama, idonsa ya yi ɗorawa. Ciwon hanta ne, kuma an gano shi a makare. Mutumin da ya san ƙofar kowane likita saboda wasu, shi ne ya koma kan benci yana jiran a kira sunansa. Shekarar ba ta zo wa kowa da sauƙi ba. Yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu, jama'a suka kwararo Alƙahira, kuɗin haya ya tashi. A watan Yuni aka saki naira, abin da 'yan'uwa ke haɗawa su turo ya riƙa narkewa kafin ya iso hannunmu. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen lefena, na sayar da keken ɗinki. A watan Oktoba Allah Ya karɓi abinSa.

A daren nan aka yi ta waya tsakanin Katsina da Alƙahira kan ko za a kawo shi gida. Kuɗin ɗaukar gawa a jirgi da dala ake lissafa shi, ga kwanakin da takardu za su ci. Mahaifiyarsa ce ta yanke maganar. Ta ce a ba ni wayar, ta ce, "Ɗiyata, ƙasar Allah ce ko'ina. Kada a wahalar mini da shi, a sa shi a makwancinsa." Na ce, "To, Hajiya." Bakina ne ya ce to, zuciyata ba ta ce ba.

Washegari abokansa suka kai shi wata makabartar sadaka a bayan gari. Da suka dawo na matsa wa ɗayansu ya faɗa mini yadda aka yi. Ashe yawancin Misrawa ba sa haƙa kabari irin namu. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, ana sauka da matakala, a kwantar da mamaci kan yashi yana fuskantar alƙibla kusa da waɗanda suka riga shi, maza ɗakinsu daban, mata daban, sannan a rufe bakin da duwatsu. Babu tudun ƙasar da zan nuna wa 'ya'yana in ce nan ne Abbanku. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda zan iya faɗa wa kowa a lokacin, don kada a ce ban yi tawakkali ba.

Na yi takabata, wata huɗu da kwana goma, a ɗakin nan na hawa na biyar, kuma ta faɗo cikin hunturu. Ginin siminti ba ya riƙe ɗumi, sanyi yana fitowa ta tayil ya shiga ƙashi. Mata suna zuwa su ce ya haƙuri, in ce da godiya, su ajiye kwanon abinci su tafi. In dare ya yi, yara sun yi barci, sai in zauna ina jin ƙarar motoci da muryar masu rigima a ƙasa, ina jin haushin garin gaba ɗaya. Shi ya cinye ƙuruciyar mijina, ya cinye lafiyarsa, ya kuma riƙe gawarsa. Burina kawai in fita daga takaba in hau jirgi, ko waiwaye ba zan yi ba.

Da na fita a watan Fabrairun 2024, sai tafiyar ta ƙi. Iƙamarmu, wato izinin zamanmu a ƙasar, a kan karatun Malam take, ta ƙare yana kwance, sai an daidaita takardun yara an biya abin da ya taru. Dala ta haura naira 1,500, ƙannensa suna ta faman haɗa kuɗin tikiti. Kaya na ɗaure, gado na sayar, muna kwana kan katifa, ba abin yi sai jira. Wata rana babbar 'yata, wadda a nan aka haife ta kuma Larabcin Masar ya fi Hausa zama a bakinta, ta ce, "Umma, in mun je Katsina aka ce in ba da labarin Masar, me zan ce? Ni ban san ko'ina ba sai makarantarmu." Ban ba ta amsa ba. Amma da safe na kai ƙannenta wurin maƙwabciyata, wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da ta tsaya mini kamar uwa ɗaya uba ɗaya, na ce, "Yaya, ki riƙe mini su, za mu shiga gari." Ta dube ni ta ce, "Da kin daɗe da yin haka." Muka hau bas zuwa Darrasa, unguwar da ke bakin tsohon gari.

Da Azhar muka fara, tunda nan ne Malam ya fi zama. An aza harsashinsa a 970, kuma tun zamanin da akwai ɓangaren da aka keɓe wa ɗaliban Barno su kwana su yi karatu. Na yi nafila, na kalli samari baƙaƙe irin namu sun jingina da ginshiƙai suna haddace matani, ban iya daɗewa ba. Muka tsallaka zuwa titin Mu'izz.

Wanda bai taɓa zuwa ba, titi ne siriri da ya ratsa tsohon birnin Fatimiyyawa, sarakunan da suka kafa Alƙahira, daga ƙofar arewa zuwa ta kudu, gine-ginen sarakuna sun jeru dama da hagu suna gogayya da juna. A tsakiyarsa akwai ginin Sarki Ƙalawun, wanda aka yi tsakanin 1284 da 1285: makaranta, kabarinsa, da asibiti, duk a haɗe. Mutane kabarin suke rububin gani, saboda adon duwatsu masu launi da tagogin gilashi da ke zubo haske ja da shuɗi a ƙasa. Ni kuwa kangon asibitin ne ya tsayar da ni. An yi shi waƙafi ne, mai kuɗi da talaka, ɗan gari da baƙo, kowa a duba shi ba ko sisi, har ya warke. Akwai ragowar magudanar da ruwa ke bi ta cikin zaurukan majinyata don sanyaya wuri. Na tsaya ina tuna tagar biyan kuɗi da na riƙa tsayawa gabanta da rasit a hannu, ina lissafin wace allura za a saya yau, wace za a bari sai an turo. Shekara ɗari bakwai da suka wuce an san cewa mara lafiya ba ciniki ba ne. Na san sarakunan nan ba waliyyai ba ne, da yawansu da jini suka hau mulki, da jini suka sauka. Amma wannan ɗaya sun yi ta daidai.

Tsallaken titin akwai wata kubba da ba ta kai ta Ƙalawun ado ba, ba kowa ke shiga ba. Mai gadin wurin, wani dattijo, ganin ba kowa sai mu, ya ba mu labarinta. Kabarin Sarki Salihu Najmuddin Ayyub ne. Ya rasu a 1249 a Mansura, rundunar Sarkin Faransa tana cikin ƙasar. Matarsa Shajaratud Durri ta ɓoye mutuwar don kada sojoji su karaya, ta ci gaba da fitar da umarni da sunansa har aka ci yaƙin, daga baya ta gina masa wannan wuri jikin makarantarsa ta sa aka dawo da shi. Malam ba ya son gini a kan kabari, ni ma a kan haka na tashi kuma a kai nake. Amma a matsayina na wadda ba ta daɗe da cire kayan takaba ba, na gane abin da ya tura matar nan. Tana son ta san inda yake. Dattijon ya ga idona ya kawo ruwa, ya tambayi 'yata, ta faɗa masa. Ya ce, "Albaƙa'u lillah, ya binti," wato dawwama ta Allah ce, 'yata, ya ƙi karɓar ɗan abin da na miƙa masa.

Daga ranar, duk safiyar da babu zuwa ofishin takardu, muna cikin tsohon gari. Wurare da yawa baƙo yana biyan tikiti ninkin ba ninkin na ɗan ƙasa, don haka muka riƙa zaɓa. Wanda ban yi da-na-sanin kuɗinsa ba shi ne Baitus Suhaimi, a lungun Darbul Asfar, gidan da aka fara a 1648 aka faɗaɗa a 1796. Daga waje bango ne kawai da ƙofa. In ka shiga, hanyar ba ta miƙe ba, sai ta karya, yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba. Na ce wa 'yata, wannan ai zauren gidan kakana ne, za ki gani in mun je. Kana ɓullowa sai tsakar gida da itatuwa, hayaniyar kasuwa ta ɗauke ɗif. Akwai rumfar zama a sama da ke kallon arewa, ta inda iska mai sanyi ke zuwa a Masar. Bango mai kauri, rufi mai tsawo, da wata 'yar hasumiyar katako a tsakiyar rufin babban ɗaki da iska mai zafi ke fita ta cikinta.

Sai tagogin da suke kira mashrabiyya, ƙananan guntayen katako da aka sassaƙa aka sarƙa su cikin juna. Suna tace rana, suna barin iska, na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganinsa. A jikinsu ake ajiye tulun ruwa iska ta sanyaya shi. Na zauna bayan ɗaya a ɓangaren mata na leƙa tsakar gidan. Matan gidan nan ma a kulle suke, wataƙila fiye da ni, amma wanda ya gina musu ya yi tunanin numfashinsu da abin da idonsu zai kalla. Na tuna tagarmu ta alminiyom da ke kallon bangon maƙwabta, wadda na yi wata huɗu ina zaune gabanta. Mun bar ginin ƙasa mun koma siminti da kwano muna cewa ci gaba, a Katsina ma haka muka yi, sannan mu kwana muna fifita muna jiran a kawo wuta.

Ƙofar Zuwaila, wadda aka gina a 1092, mun hau har kan hasumiyoyin da aka ɗora mata daga baya. 'Yata ta ƙirga hasumiyoyin gari har ta gaji. A nan Turkawa suka rataye Tumanbai, sarki na ƙarshe na daular Mamalik da ta mulki Masar, a 1517. Ban faɗa mata wannan ba, na saya mata ruwan rake muka wuce ta rumfar masu ɗinkin tantuna.

Masallacin Ibn Tulun ne ya karya ni. An gama shi a 879, da jan bulo da shafe aka yi shi, ba dutse ba. Ba shi da ƙyalƙyali ko kaɗan. Akwai wani fili da aka kewaye tsakaninsa da titi, kafin ka kai ƙofar ciki surutun gari ya mutu. Sai ka ɓullo haraba mai faɗin gaske, bakuna sun jeru ta kowane gefe a kan ginshiƙai masu kauri, sama a buɗe. A jikin bango can sama akwai tagogi fiye da ɗari da aka huda da zane, kusan kowace da irin nata. Hasumiyarsa matakalarta ta waje take, tana naɗe ta har sama. Launin ginin da nauyinsa suka tuna mini Gobarau. Ba kowa a wurin sai mai shara da tattabaru. Na zauna jikin wani ginshiƙi na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa, don ranar akwai mutane, akwai yara, akwai waya. 'Yata ba ta ce mini komai ba, ta je ta hau hasumiya ta sauko, ta sake hawa. Nan ne Malam yake cewa zai fara kawo ni. Na yi masa addu'a har aka kira azahar.

In ka fito ka bi titin Saliba za ka kai masallacin Sarki Hasan, gaban ganuwar Salahuddin. An fara shi a 1356. Ƙofarsa kaɗai ta kusa mita 38, mutum yana zama ɗan mitsitsi a gabanta. Ciki akwai makarantu huɗu na mazhabobi huɗu, na nemi ta Malikiyya na nuna wa 'yata. Wani ɓangare na dukiyar da aka yi aikin da ita gadon mutanen da annoba ta share ne ba su bar magada ba. Sarkin ya tanadar wa kansa kabari a bayan alƙibla, ƙarƙashin wata ƙatuwar kubba. An kashe shi a 1361 ginin bai ƙare ba, kuma ba a ga gawarsa ba. Ba ya cikin kabarin. Na daɗe tsaye a ɗakin nan. Mai wannan gini duka bai samu abin da nake ta yi wa Malam kukan rashinsa ba.

Daga nan na nemi a kai ni Ƙarafa, tsohuwar makabartar da rayayyu ke zaune cikinta tare da matattu, don in ga kabarin Imam Suyuɗi. Mu Katsinawa muna da alaƙa da shi, ya rubuto wa Sarkin Katsina wasiƙar nasiha tun kafin rasuwarsa a 1505, kuma Malam yana yawan faɗin haka da alfahari. A hanya na ga inda katafila ta rushe layin kaburbura don a fitar da sababbin tituna da gadoji. Iyalai sun zo sun kwashe ƙasusuwan kakanninsu zuwa sababbin makabartu a hamada. Gidajen kabari ne masu ƙofar ƙarfe da sunan zuri'a a rubuce kan dutse, an yi su don su dawwama. Tun daga ranar ban sake jin zafin maganar Hajiya ba.

Ana saura kaɗan mu tashi na tambayi wani malami abokin Malam ko zan iya ziyartarsa. Ya ce in je, ban da kururuwa. Shi da matarsa suka raka mu da yaran duka. Wuri ne shiru cikin yashi, layi-layi na ƙananan katangu. Aka nuna mana bakin ɗakin. Muka yi sallama, muka yi addu'a, ƙaramin yana wasa da tsakuwa. Na sa babbar ta rubuta sunan makabartar da lambar layin a littafinta da hannunta.

Akwai wani irin gini da na yi ta cin karo da shi a duk yawon nan, ban ba shi muhimmanci ba sai daga baya. Sabil suke ce masa. Ɗaki ne a kan kwana mai manyan tagogin tagulla, ƙarƙashinsa tanki ne wanda a da ake cikawa da ruwan Nilu da aka ɗauko a salka bisa raƙuma, mai wucewa ya miƙa hannu a ba shi kofi kyauta. A samansa kuma makarantar allo ce ta marayu. Akwai na Abdurrahman Katkhuda na 1744 da ya raba titin Mu'izz biyu. Akwai na Ummu Abbas a Saliba, wanda uwa ta gina a 1867 saboda ɗanta da aka kashe. Akwai na Nafisatul Baida na 1796 a cikin Ƙofar Zuwaila, wanda ke manne da masaukin fatake da ta mallaka. Abin da ya riƙe irin waɗannan wurare shi ne ba a gina su a bar su haka: ana haɗa su da shaguna ko gonaki na waƙafi, kuɗin da ke shigowa shi ke biyan mai ɗebo ruwa, da malamin yara, da gyara.

Mun sauka Kano ana gab da fara azumi, muka wuce Katsina. Shekarar farko ba ta yi daɗi ba. Yara suna kukan zafi da sauro, ana yi musu dariyar Hausarsu, ni kuma na koma ɗakin da na bari ina budurwa, da 'ya'ya uku. An yi mini maganar aure tun ban huce gajiya ba, na ce a ba ni lokaci. Na samu koyar da Larabci a wata Islamiyya, ina ɗinki da daddare da keken aro.

Da aka raba gado, abokan Malam da wasu daga cikin majinyatan da ya yi wa tafinta suka haɗo kuɗi suka ce a yi masa sadaka mai gudana. 'Yan'uwa suka ce a haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidansu, kowa ya amince. Ni na ce a rage zurfin buri, a sayi ƙaramin tanki, ragowar a fitar da shago ɗaya jikin katanga a ba da haya, kuɗin ya zama na gyara kaɗai. Yayansa ya ce, "Amarya, wannan kuma a ina kika gano shi?" Har yau haka yake kirana. Na ba shi labarin sabil. Ya yi shiru, ya ce ai kuwa ga burtsatse nan birjik a gari da 'yan siyasa suka haƙa, duk sun mutu saboda babu mai sayen ko wayar famfo. Hajiya ta ce a yi yadda na ce.

Wani mai cajin waya ne ya kama shagon. Kuɗin hayar yana hannun ƙanen Malam, ni nake riƙe littafin. Bara injin ya ƙone ana tsakiyar zafi, aka kira mai gyara, aka biya shi daga kuɗin shagon, kwana biyu ruwa ya dawo. Yanzu muna tara na ƙarin faifan sola, don wanda ke akwai ba ya cika tankin in an yi hazo.